Fulogi huɗu ko shida: Lissafin da ya kamata matashi ya iya kafin a sayi motar gida

A majalisun matasa na Kazaure, Karkarna, Roni, Gwiwa da Ɓaɓura, akwai musun da ba ya ƙarewa idan aka zo hirar mota. Wani ya ce idan mota ba mai fulogi shida ba ce to ba ta cika mota ba, domin ita ce za ka taka ta amsa maka nan take. Wani kuma ya ce mai fulogi huɗu ita ce motar mai iyali, domin ba ta cinye albashi a gidan mai. A da musun na nishaɗi ne kawai. Amma tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a jawabinsa na karɓar mulki, maganar ta shiga tukunyar kowane gida mai mota.

Kafin wannan rana, litar fetur ba ta kai Naira 200 ba a gidajen man NNPC. Cikin 'yan kwanaki ta haura Naira 500, a watan Yulin shekarar ta kai Naira 617 a Abuja, sannan a watan Oktoban 2024 ta wuce Naira 1,000 a wurare da dama. Tankin Toyota Camry ta 2007 zuwa 2011 yana cin lita 70. A tsohon farashi ana cika shi da abin da bai kai Naira dubu 14 ba. A farashin Naira 1,000 kuwa, cika shi sau ɗaya Naira dubu 70 ne, wato daidai da mafi ƙarancin albashin ma'aikaci na wata guda da aka sanya wa hannu a watan Yulin 2024.

Me ya shafi ɗalibi a nan? Abu uku. Na farko, a gidaje da yawa matashi ne ke duba waya ya ba mahaifi ko yaya shawarar motar da za a saya. Na biyu, kuɗin da ya tafi gidan mai daga aljihun da ake biyan kuɗin makaranta, na WAEC da na JAMB yake fita. Na uku, duk abin da ke cikin wannan musu yana cikin darasin Fiziks da Lissafi na babbar sakandare, sai dai an saba ganinsa a allo ne kawai.

Motocin da ake magana a kansu

Motocin iyali matsakaita su ne masu ƙofa huɗu da but a baya, masu ɗaukar mutum biyar, waɗanda suka fi Corolla da Civic girma amma ba su kai jif ba. A yankinmu waɗanda aka fi gani su ne Toyota Camry, Honda Accord da Peugeot 406. Akasarinsu na hannu ne, an yi amfani da su a Amurka ko Turai kafin su iso, shi ya sa ake ce musu 'yan Kwatano ko tokumbo.

'Yan Najeriya sun yi musu laƙabi. Camry ta 2002 zuwa 2006 ita ce Big Daddy, ta 2007 zuwa 2011 kuma Muscle. Accord ta 2003 zuwa 2005 ita ce EOD, ta 2006 da 2007 DC, ta 2008 zuwa 2012 kuma wasu na ce mata Anaconda. Abin lura shi ne kowace daga cikinsu ta fito da inji iri biyu a gangar jiki ɗaya. Idan ka tsaya daga nesa ba za ka bambance ba, sai ka ga alamar V6 a bayan but ko ka buɗe bonet.

Ga alƙaluman kamfanonin. Muscle ta farko mai silinda huɗu injinta lita 2.4 ne, ƙarfinsa doki 158. Mai silinda shida injinta lita 3.5 ne, ƙarfinsa doki 268. EOD mai huɗu lita 2.4 ce da doki 160, mai shida kuma lita 3.0 da doki 240. Wato a mota iri ɗaya, ƙarin silinda biyu na iya ƙara doki 80 zuwa 110.

Mene ne doki, mece ce lita?

Kalmar ƙarfin doki ta samo asali ne daga James Watt, injiniyan ƙasar Sikotlan na ƙarni na 18, wanda ya so ya nuna wa masu saye yawan dawakin da injinsa na tururi zai maye gurbinsu. Doki ɗaya a wannan ma'auni daidai yake da wat 746. Ɗaliban Fiziks sun san ma'anar: ƙarfi shi ne yawan aikin da aka yi cikin daƙiƙa ɗaya. Inji mai doki 268 ba ya yin wani aikin da mai doki 158 ba zai iya ba, sai dai yana gama shi da sauri.

Litar da ake faɗa kuwa ba ta nufin girman tanki ko yawan baƙin mai. Tana nufin faɗin sararin da fistin-fistin ke sharewa a cikin dukkan silindoji idan aka haɗa. Injin lita 2.4 mai silinda huɗu kowace silindarsa ta kusa cc 600. Babur ɗin Boxer da 'yan acaɓa ke hawa injinsa kimanin cc 100 ne, don haka silinda ɗaya ta Camry ta kusa injin babur shida. Injin lita 3.5 mai silinda shida shi ma kowace silindarsa ta ɗan gaza cc 600. Kusan girmansu ɗaya, an dai ƙara baki biyu ne a kan akushi.

Injin fetur yana aiki da zagaye huɗu, tsarin da Bajamushe Nikolaus Otto ya kammala a 1876: ya shaƙi iska da mai, ya matse su, fulogi ya kunna wuta su ƙone su tura fistin ƙasa, sannan ya fitar da hayaƙi. Domin mai ya ƙone sarai, kowane giram ɗaya na fetur yana buƙatar giram 14.7 na iska. Lita ɗaya ta fetur tana buƙatar iska kusan lita dubu tara. Abin da ake kira totur ƙofa ce da ke buɗe wa iska hanya. Idan ka taka, ƙofar ta buɗe, iska ta shiga da yawa, ƙwaƙwalwar mota ta auna ta ƙara mai daidai da iskar. Babban inji yana iya shaƙar iska mai yawa, don haka yana iya ƙona mai mai yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Daga nan ƙarfinsa yake fitowa, babu wani sirri bayan wannan.

Doki nawa mota ke buƙata a hanyar Kano?

Daga Kazaure zuwa Kano ta Dambatta kimanin kilomita 80 ne. Idan mota irin Camry tana tafiya a miƙe da gudun kilomita 100 a awa, abu biyu take yaƙa: iskar da ke dukan gabanta da gogayyar taya da kwalta. Idan aka lissafa su, abin da take buƙata bai wuce doki 20 zuwa 25 ba. Saura duka ajiya ce. Mai silinda huɗu tana da sama da doki 130 da ba ta taɓa ba, mai shida tana da sama da 240.

Ajiyar tana da ranarta. Ana buƙatar ta wajen tashi daga tsaye, wajen hawa tudu da kaya, da wajen wuce tirela ko motar da ta yi lodin buhuna ranar kasuwa. Mai silinda shida tana kaiwa gudun 100 daga tsaye cikin daƙiƙa shida zuwa bakwai, mai huɗu kuma tara zuwa goma. Wannan bambanci na daƙiƙa uku shi ne abin da mai saye yake biya wa kuɗi. Tambayar ita ce sau nawa a wata iyali ke buƙatar waɗannan daƙiƙoƙi uku.

A tuna da Peugeot 504 da kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya riƙa haɗawa. Injinta mai kafireto bai kai doki 100 ba, amma ita ce ta yi shekaru tana kai iyayenmu da kakanninmu Legas, Maiduguri da Sakkwato da fasinja da kaya. Mafi ƙanƙantar injin Muscle ya fi ta da sama da doki 60.

To me ya sa babban inji ke shan mai ko da ana tafiya a hankali? Dalili uku ne. Yana da ƙarin fistin da ƙarin ƙarafa masu gogar juna, kuma gogayya tana cin makamashi. Ya fi nauyi. Sannan idan ana buƙatar doki 20 kawai daga inji mai 268, ƙofar totur kusan a rufe take, injin yana wahalar zuƙo iska ta 'yar kafa, kamar mai shan kunu da siririn tsinke. Wannan wahala ma mai take ci. Ƙaramin inji a irin wannan gudu ƙofarsa ta fi buɗewa, asararsa ta fi ƙanƙanta.

Ko a inji mai lafiya, mafi yawan makamashin fetur ba ya isa taya. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ce kashi 12 zuwa 30 cikin 100 ne kawai ke tura motar fetur gaba, mafi yawan sauran yana tafiya a matsayin zafi ta lagireto da salansa. Duk Naira dubu goma da aka zuba a tanki, aƙalla dubu bakwai ba ta kai ga taya ba.

Mu yi lissafi

Hukumar Kare Muhalli ta Amurka, EPA, ita ce ke tsara gwajin shan man motocin da ake sayarwa a can. A gwajinta, Camry ta 2009 mai silinda huɗu da giyar otomatik tana yin mil 21 da galan ɗaya a cikin gari da mil 31 a babbar hanya. Mai silinda shida tana yin 19 da 28. Idan aka mayar da su ma'auninmu, mai huɗu tana yin kimanin kilomita 8.9 da lita ɗaya a gari da 13.2 a hanya, mai shida kuma 8.1 da 11.9.

A ɗauka malamin makaranta ne a Karkarna, yana yin kilomita 1,200 a wata, rabi a zirga-zirgar gari da ƙauyuka, rabi a hanyar Kano ko Daura. Da mai silinda huɗu: 600 a raba da 8.9 ya ba da lita 67, 600 a raba da 13.2 ya ba da lita 45 da rabi, jimla kusan lita 113. Da mai shida: 600 a raba da 8.1 lita 74, 600 a raba da 11.9 lita 50 da rabi, jimla kusan lita 125. Bambancin lita 12 ne a wata. Domin sauƙin lissafi a sa lita a kan Naira 1,000: Naira dubu 12 a wata, Naira dubu 144 a shekara. Kowa ya san abin da wannan kuɗi zai yi a gidansu lokacin komawa makaranta.

Sai dai a kula da abu biyu. Waɗannan alƙaluma na sabuwar mota ce a ɗakin gwaji. Motar da ta yi shekara 15 tana aiki, ta sha rana da ƙura da ramuka, ba za ta kai su ba. Na biyu, bambancin da ke takarda kimanin kashi 10 cikin 100 ne, kuma yana tsayawa a nan ne idan direbobin biyu suna tuƙi iri ɗaya. Wanda ya sayi doki 268 da wuya ya bar su a turke. Duk lokacin da ya taka domin ya ji daɗin ƙarfin, injin yana shaƙar abin da mai huɗu ba za ta iya shaƙa ba ko da an danne toturta har ƙasa. Shi ya sa a hannun mai zafin ƙafa tazarar take zarce ta takarda nesa.

Akwai kuma kuɗin gareji. Injin lita 2.4 yana cin baƙin mai kimanin lita huɗu da ɗan ɗori a kowane juye, na lita 3.5 kuma kimanin lita shida. Fulogi shida ne maimakon huɗu, kwayil shida, nozul shida. A injin V6 na Camry, fulogi uku suna ɓoye a baya ta wajen gilashi, sai an kwance wasu kaya kafin a kai gare su, don haka kuɗin aikin bakanike ya fi yawa. Wanda ya taɓa zuwa Kofar Ruwa a Kano neman kayan gyara ya san ana ƙirga irin waɗannan da ɗai-ɗai ne. A gefe guda, mai huɗun ma tana da nata: an san wasu injinan lita 2.4 na Camry na 2007 zuwa 2009 da shan baƙin mai idan suka tsufa. Mai saye ya duba hayaƙin salansa da sandar awon mai kafin ya biya.

Ƙafar direba ta fi girman inji tasiri

Babban abin da Fiziks ke koyarwa a nan shi ne turjiyar iska tana ƙaruwa da murabba'in gudu. Idan ka ninka gudu sau biyu, turjiyar ta ninka sau huɗu. Daga gudun 100 zuwa 140, lissafin shi ne 1.4 sau 1.4, wato 1.96. Iskar da motar ke yaƙa ta kusa ninkawa. A tafiyar kilomita 80, gudun 100 yana ɗaukar minti 48, gudun 140 kuma minti 34. An sayi minti 14 da mai mai yawa, kuma ko su ba a samu duka, domin akwai garuruwa, kasuwanni da shingayen bincike a hanya.

Wannan murabba'i bai tsaya a kan mai ba. Makamashin motsi rabin nauyi ne sau murabba'in gudu, kuma birki ne zai cinye shi kafin mota ta tsaya. Motar da ke gudun 120 tana buƙatar nisan birki ninki biyu da kwata na wadda ke gudun 80. A hanyar da shanu, awaki, amalanke, babura da yara 'yan makaranta ke ƙetarewa, wannan tazara ita ce tsakanin tsorata da jana'iza. Birki da tayar mai silinda shida ba su ninka na mai huɗu ba, gudun kawai take saurin kaiwa. Dokar hanya da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ke aiki da ita ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a hanyar da ke tsakanin garuruwa, 100 a tagwayen manyan hanyoyi. Dukkan waɗannan mai silinda huɗu tana yin su ba tare da ta yi nishi ba. Matasan da ke karɓar makullin gida ranar biki ko Sallah su je wasan mota su sani cewa lasisin tuƙi ma sai an cika shekara 18 ake bayarwa. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta fitar da wasu alƙaluma da kowane direba zai amfana da su. Tuƙin ganganci, wato fizgar mota da taka birki da ƙarfi, yana rage nisan da lita ke kaiwa da kashi 15 zuwa 30 cikin 100 a babbar hanya, da kashi 10 zuwa 40 a cunkoson gari. Kwatanta wannan da kashi 10 da ke tsakanin injinan biyu. Dattijo mai natsuwa a V6 zai iya shan mai ƙasa da saurayi mai rawar ƙafa a silinda huɗu.

Sauran abubuwan su ne: kunna na'urar sanyi a tsananin zafi, musamman a gajeriyar tafiya, yana iya cin sama da kashi 25. Wannan ya shafe mu sosai a watannin Maris zuwa Mayu. Dabarar ita ce a ajiye mota a inuwa, a sauke gilashi zafin ya fita kafin a kunna. Barin inji a kunne ana hira yana cin lita ɗaya zuwa biyu a awa ba tare da an matsa ko taku ɗaya ba. Kowane kilo 45 na ƙarin kaya yana rage kusan kashi ɗaya, wato buhun masara mai kilo 100 da aka manta a but kashi biyu ne. Ɗaure kaya a saman mota ya fi wannan illa domin yana tare iska. Taya mai ƙarancin iska ma tana jan mai, kuma ta fi saurin fashewa a kwalta mai zafi. Adadin iskar da ya dace yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba. A nuna wa mai faci wannan lamba, kada a bar shi ya auna da dukan ƙafa.

Gyaran da ke ƙara shan mai

Akwai al'adu a garejinmu da ke sa mota mai silinda huɗu ta sha mai kamar mai shida. Na farko shi ne cire tamostat, wato bawul ɗin da ke tsare ruwa har inji ya yi ɗumin da ya dace, da hujjar cewa an yi shi ne domin ƙasashen sanyi. An ƙera inji ya yi aiki a zafin da ya kusa digiri 90. Idan bai kai ba, ƙwaƙwalwar mota tana ɗauka har yanzu safiya ce, sai ta ci gaba da ƙara mai. Haka ma haɗa fanka kai-tsaye ta riƙa juyawa tun daga tayar da mota.

Na biyu shi ne tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, wadda a gareji ake ce wa indomi. Ana cire ta a sayar domin tana ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinom. Kusa da ita akwai na'urar da ke auna iskar oksijin a hayaƙi ta gaya wa ƙwaƙwalwa ko man ya yi yawa. Idan na'urar ta lalace ko aka yanke wayarta, ƙwaƙwalwar ta koma aiki da ƙiyasi, kuma ƙiyasinta ya fi karkata ga ƙara mai. Na uku shi ne raina fitilar gargaɗin inji da ke kamawa a gaban direba, har wasu su liƙe ta da baƙin salatif. Yau akwai 'yar na'urar da ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari ta karanto matsalar a waya. Wannan ma sana'a ce da matashi mai ilimin kwamfuta zai iya koya.

Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska da wuri. A tsofaffin motoci masu kafireto wannan yana ƙara shan mai kai-tsaye. A masu injekta kuwa ya fi rage ƙarfi, sai direba ya ji mota ta yi nauyi ya ƙara takawa. Duba ta ba ya ɗaukar minti biyar.

Inda duniya ta dosa

Abin da muke ciki ya taɓa samun Amurka. A watan Oktoban 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka hana sayar mata da mai, farashin ganga a duniya ya ninka kusan sau huɗu cikin 'yan watanni. A 1974 gwamnatinsu ta ƙayyade gudu a mil 55, kimanin kilomita 89 a awa, domin tsimin mai, a 1975 kuma ta yi dokar da ta tilasta wa kamfanoni ƙera motoci marasa shan mai. Wannan ne ya buɗe wa motocin Japan kasuwa. Accord ta fito a 1976, Camry ta zama mota mai zaman kanta a 1982. Wato motocin da muke musu a kansu tsadar mai ce ta ɗaga su tun asali.

Yau kamfanonin da kansu sun yanke hukunci. Honda ta daina sa V6 a Accord daga samfurin 2018, ta koma ƙananan injina masu turbo, na'urar da ke amfani da hayaƙi ta cusa ƙarin iska idan an buƙata. Toyota ta daina sa V6 a Camry daga samfurin 2025 na Amurka, duka sun zama masu haɗa fetur da lantarki. Sabuwar tana da doki 225, kuma mafi tsiminta tana yin sama da kilomita 21 da lita ɗaya a gwajin EPA. Irin wannan mota tana mayar da makamashin birki cikin batir maimakon ya tafi a zafi, tana kuma kashe inji idan an tsaya. Ko Muscle tana da irin wannan samfuri tun 2007, mai doki 187, da ke yin kusan kilomita 14 da lita a gari da hanya. A lissafin malaminmu na Karkarna lita 84 za ta sha a wata, ƙasa da mai huɗu da lita 29. Matsalarta ita ce tsufan batir da ƙarancin masu gyaran da suka san ta, kuma batirin yana ɗauke da wutar da za ta iya kisa idan wanda bai sani ba ya taɓa.

A gida kuma, gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin mayar da motoci su yi aiki da iskar gas ta CNG a 2023, an kuma fara aikin shimfiɗa bututun gas na AKK mai tsawon kilomita 614 daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano. Gas ya fi fetur araha, amma tukunyarsa tana cin wuri a but, ƙarfin inji yana ɗan raguwa, kuma gidajen sayar da shi a manyan birane suke. Mazaunin Gwiwa ko Roni ya fara tambayar inda zai sha kafin ya juya motarsa. Kada kuma kowa ya yarda a sa masa tukunyar gas ɗin girki ko wadda mai walda ya haɗa, domin matsin CNG ya ninka na gas ɗin girki sau da yawa.

Duk waɗannan motoci za su iso kasuwarmu a matsayin na hannu nan da 'yan shekaru, kuma za su buƙaci masu gyara da suka san lantarki da kwamfuta. Yankinmu yana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Ɓaɓura a 2021. Ɗalibin da ya riƙe Fiziks da Lissafi da kyau yana da hanya a gabansa.

To wacce za a saya?

Ga iyalin da tafiyarsu ita ce makaranta, asibiti, kasuwa, gona da zuwa Kano jefi-jefi, mai silinda huɗu ta wadatar, kuma idan aka tashi sayarwa ta fi saurin samun mai saye a wannan zamani. Mai silinda shida tana da amfani ga wanda kullum yake doguwar hanya da mota cike, kuma aljihunsa zai ɗauki ƙarin mai da gyara. Idan dillali ya sauke farashin V6 har ta yi araha fiye da 'yar uwarta, a lissafa ragin a kwatanta da Naira dubu 144 na kowace shekara, a ga shekara nawa zai ɗauka kafin arahar ta ƙare. Kuma lafiyar motar ta fi adadin fuloginta muhimmanci: mai shida da aka kula da ita ta fi mai huɗu da aka cire wa tamostat da indomi.

Gwada da kanka

Ga aikin da za ka iya yi da motar gida, ta maƙwabci ko babur, da izinin mai shi. A cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, ka rubuta lambar da agogon nisa ya nuna. A yi amfani da motar kamar kullum. Idan aka koma shan mai, a sake cikawa a famfo ɗaya, ka rubuta litar da ta shiga da sabuwar lambar agogo. Ka cire tsohuwar lamba daga sabuwa, ka raba da litar. Amsar ita ce kilomita nawa motar ke yi da lita ɗaya. Idan motar daga Amurka ta zo, mai yiwuwa agogonta mil yake ƙirgawa, sai ka ninka da 1.609 kafin ka raba. Kada a yi gwajin da man 'yan bumburutu, domin galan ba ya ba da awo tabbatacce.

A maimaita sau biyu: sau ɗaya yadda aka saba tuƙi, sau ɗaya bayan an daidaita iskar taya, an sauke kayan da ba a buƙata daga but, an kuma tsaya a gudun 80 zuwa 90 a hanya. Ka ninka bambancin da farashin lita a garinku da kuma kilomitar da ake yi a wata. Idan 'yan aji biyar ko goma suka yi haka da motoci daban-daban, za ku samu jadawalin da malamin Lissafi zai iya zana muku a allo, kuma za ku shiga musun majalisa na gaba da alƙaluman da kuka auna da hannunku.